Darasin Hutun Damina: Mu Je Ƙauye da Hannun Aiki

Muna godiya ga Allah da Ya kai mu ƙarshen wannan shekarar karatu lafiya, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, a littafin bana ajinmu aka ɗora wa darasin gona. Dalili kuwa shi ne, da zarar an rufe makaranta, da yawa daga cikinmu 'yan Milezi ƙauye ake tura mu: wasu Kundul da Mandaliya ta kudu, wasu Liniya da Durbali, wasu Masaget, wasu har bakin Tafkin Chadi wajen Karal. Muna zuwa, muna dawowa, amma ba kowa ne ya san abin da zuwan namu yake jawo wa masu masaukinmu ba. To, wannan shi ne abin da muke so mu yi nazari a kai.

Lissafin da za mu yi kafin mu hau mota

Babban hutu a Chadi yana kamawa daga wajen ƙarshen Yuni zuwa farkon Oktoba. A birni wannan lokacin hutawa ne. A ƙauye kuwa shi ne lokacin da aiki ya fi yawa, abinci kuma ya fi ƙaranci. Hatsin bara an girbe shi tun Oktoba, an ci wata takwas ko tara ana ɗiba, an cire iri an zuba a ƙasa, sabo kuma bai nuna ba. Saboda haka a Yuli da Agusta rumbu yakan yi ƙasa sosai, hatsi ya yi tsada a kasuwa. Duk wanda aka taɓa aika Kasuwar Gero ta Injamena a watan Agusta ya san kuɗin koro ɗaya ba daidai yake da na watan Nuwamba ba. A shekarar da abin ya yi tsanani ma har hukuma takan shigo ciki, kamar a watan Yuni na 2022 da gwamnatin Chadi ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ƙarancin abinci.

Bari mu yi lissafi. Koro ɗaya na hatsi kimanin kilo biyu da rabi ne, buhu kuma koro 40 ne, wato kilo 100. A ce yara uku daga gida ɗaya sun tafi wurin kawunsu, sun yi kwana 60, kowa yana cin rabin kilo a rana tsakanin tuwo, kunu da fura. Uku sau rabi sau 60 ya ba mu kilo 90, wato koro 36. Kun ga saura kaɗan buhu guda ya tafi. Kawu ba zai faɗa ba, inna ma ba za ta faɗa ba, domin kunya da zumunci ba sa barin a ƙirga wa ɗan ɗan'uwa loma. Amma rumbu ya sani.

Wannan lissafi ba don a fasa zuwa muka yi shi ba. Manomi a damina ya fi buƙatar hannu fiye da komai, kuma yaro mai shekara 12 zuwa sama da ya san abin da yake yi zai iya mayar da fiye da abin da ya ci. Sharaɗin dai shi ne ya san aikin da lokacin aikin. Iyayenmu kuma muna roƙonsu, in da hali, kada a tura mu hannu rabbana. Koro goma na hatsi, ɗan sukari, ganyen shayi, gishiri da sabulu suna rage wa mai masauki nauyi ƙwarai.

Daminarmu gajera ce

Abu na farko da ɗan birni zai gane shi ne gona ba ta jira. A yankin Injamena ruwan da ke sauka a shekara kimanin milimita 500 zuwa 600 ne, kuma kusan dukkansa tsakanin Yuni da Satumba yake zuba, Agusta ya fi kowane wata. A kudu, wajen Mundu da Sar, ruwan yakan wuce milimita 1000, daminarsu ta fi tamu tsawo, shi ya sa suke noman auduga da rogo. Mu a nan gero da dawa masu saurin nuna ake shukawa, irin waɗanda ke buƙatar kimanin kwana 90. In ka ɗora kwana 90 a kan damina mai wata uku da 'yan kwanaki, za ka ga babu rarar da za a yi wasa da ita. Aikin da aka makara da shi mako biyu, a dami ake ganin gibinsa.

Kakanninmu sun ga abin da ƙarancin ruwa ke yi a farin 1973 da na 1984, lokacin da gonaki suka ƙone, dabbobi suka mutu, Tafkin Chadi ya janye nesa da tsohon bakinsa. Mu kuma mun ga kishiyar haka a 2022 da 2024, da Shari da Logon suka cika suka tumbatsa, ruwa ya ci unguwanni da gonaki. Manomi tsakanin waɗannan biyun yake rayuwa, shi ya sa in ya ce yau za a yi aiki, ba ya son jin "sai gobe".

Ayyukan gona bi da bi

Na farko, shuka. Wanda ya isa ƙauye da wuri zai tarar da ita, ko ya tarar ana sake shuka inda ta farko ba ta fito ba. Babba yana gaba da sungumi yana sara rami, yara suna biye suna zuba iri suna rufewa da diddige. Masana aikin gona suna ba da shawarar a bar kamar taki ɗaya babba, wato mita ɗaya, tsakanin ramin gero da ɗan'uwansa. In aka yi haka, hekta ɗaya tana ɗaukar rami 10,000. Yanzu kun gane abin da ya sa ake neman yara ranar shuka, kuma ake so a gama tun ƙasa na da laima. Ladabin wannan aiki shi ne ka tsinci iri da yatsu uku, kada ka dumbuza, kada kuma ka tsallake rami don ka cim ma na gaba. Ramin da aka tsallake, bayan kwana biyar zai tona asirin mai shi.

Na biyu, noman firi da cira. Firi shi ne noman farko, ana yin sa mako biyu zuwa uku bayan shuka ta fito. Shi ne aiki mafi muhimmanci a duk damina, domin a lokacin shuka tana ƙarama, ciyawa kuma tana rige-rige da ita wajen ruwa, abinci da hasken rana. A nan ne ɗan birni ya fi yin ɓarna in bai tambaya ba, saboda ƙaramin gero da wasu ciyayi kamanninsu ɗaya a idon baƙo. Kafin ka ɗauki fartanya, ka ce wa babba: "Kawu, ku nuna mini wanda ake bari da wanda ake sarewa." Tare da firi ake cira, wato a rage tsiron da ya yi cunkoso a rami ɗaya a bar uku masu ƙarfi. Yaro yakan ji tausayin cire su, amma goma a rami ɗaya kara za su yi ba zangarniya ba. An fi yin cira bayan an yi ruwa, don saiwar na kusa kada ta girgiza.

Na uku, taki. Kashin shanu, na awaki da tokar murhu da muke gani kamar shara, a ƙauye dukiya ne. Takin zamani kuwa yana da tsada, shi ya sa masu bincike na cibiyar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai suka gwada wata dabara: maimakon a watsa taki a duk gona, sai a sa ɗan kaɗan a gindin kowane rami, kimanin giram 6 na NPK, cikin murfin kwalbar lemo ke nan. Rami 10,000 sau giram 6 ya zama kilo 60, buhu ɗaya da ɗan ƙari ya ishi hekta guda. Wannan aiki ne na haƙuri da duƙawa, kuma yara sun fi manya iya shi. A kula dai kada takin ya taɓa jikin tsiron, yana ƙona shi.

Haka kuma za mu ga ana shuka wake ko gyaɗa a tsakanin gero, ko a sauya su da shi shekara zuwa shekara. In ka tumɓuke gindin wake ka duba saiwarsa za ka ga 'yan ƙulle-ƙulle. A cikinsu akwai ƙananan halittu da ke ɗauko sinadarin naitirojin daga iska su mai da shi abincin shuka. Itacen gawo ma mai taimako ne: yana zubar da ganye da damina, saboda haka ba ya yi wa shuka inuwa, ganyen kuma ya zama taki. A jihar Maraɗi ta Nijar, tun shekarun 1980 manoma suka koma barin kututturen da ya toho suna gyara shi maimakon sarewa, abin da suke kira sassaben zamani, har gonaki masu yawa suka sake cika da itatuwa. Don haka in an ba ka gatari ko adda, kada ka sare ɗan itace a gona sai ka tambaya.

Na huɗu, maimai da yaƙi da wuta-wuta. Maimai shi ne noma na biyu, galibi a Agusta, lokacin marka. A lokacin ne ake fara ganin wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji, mai fure ja-ja mai ban sha'awa. Kyanta na yaudara ne. Saiwarta tana manne wa saiwar gero da dawa tana tsotse ruwa da abinci tun kafin ita kanta ta fito sarari. Gindi ɗaya yana zubar da ƙwayar iri dubbai masu yawa, ƙanana kamar ƙura, kuma suna iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara 10 suna jira. Saboda haka a tumɓuke ta kafin ta yi 'ya'ya, a fitar da ita daga gona, a tara a ƙone. Yaron da ya yi mako guda yana wannan aiki ya taimaki girbin shekaru masu zuwa, ba na bana kaɗai ba. A gonar masara kuma a riƙa leƙa cikin ƙoƙon ganye, domin tun 2016 wata tsutsa da ta fito daga nahiyar Amurka ta shigo Afirka tana cin masara. In ka ga ganye ya huhhuje da kashi kamar dusa a ciki, ka gaya wa mai gona.

Na biyar, tsaron tsuntsu. In gero ya fid da kai ya yi bunni, ƙwaya ta fara kamawa a Satumba, sai jan-baki su sauko. Tsuntsu ne ƙarami, amma garke-garke yake tafiya kamar hadari, kuma yankin Tafkin Chadi na cikin wuraren da yake hayayyafa. Da sassafe da kuma yamma yake ɓarna. Wannan aikin yara ne tun fil azal: a hau rumfa a tsakiyar gona, a ja igiyar da aka rataya wa gwangwanaye, a yi ihu, a yi jifa da majajjawa. Ladansa na nan take shi ne tumu, sabon geron da ake gasawa a murje a ci. Amma a tuna, tumu da izinin mai gona ake karya shi.

'Yan uwanmu mata suna cikin duk waɗannan ayyuka, suna kuma da ƙari. Su ke taya kai abincin rana gona, su taya inna ko goggo aikin gayaunarta ta kuɓewa, yakuwa, riɗi da gyaɗa. Yanka kuɓewa da shanya ta ba ƙaramin aiki ba ne, domin busasshiyar kuɓewar nan ita ce miyar gida har wata damina, kuma ita ake kai wa kasuwa a sayi gishiri da mai.

Masakwa, dawar da ba ta jiran ruwan sama

Akwai noman da ƙasarmu ta shahara da shi wanda ya kamata kowane ɗalibi ya sani, wato masakwa. A Larabcin Chadi ana ce mata berbere, Fulanin arewacin Kamaru kuma suna ce mata muskuwari. Jihar Salamat, wajen Am Timan, ita ce babbar matattararta, amma ana yin ta a Shari-Bagirmi da Hajar-Lamis, da tsallaken kogi wajen Kusuri har zuwa Borno.

Ga yadda take. A wajen Agusta zuwa farkon Satumba ake yafa irinta a ɗan fili, kamar yadda masu lambun bakin Shari ke renon albasa. A can kuma baƙar ƙasa mai laka, wadda Barebari ke kira firgi, tana kwance cikin ruwa, har manoma sukan yi mata 'yan kunyoyi don ruwan ya tsaya ya shiga ƙasa sosai. In ruwa ya janye a ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, sai a sare ciyawa, a ciro dashen da ya yi kwana 30 zuwa 40, a rage masa ganye da saiwa. Mutum ɗaya yana huda rami da turmin sanda mai tsini, na biyu yana zuba ɗan ruwa, na uku yana sa dashe biyu. Shi ke nan. Daga ranar ba ta ƙara shan ruwan sama, laimar da laka ta riƙe ita za ta raine ta cikin hunturu har a girbe a Janairu ko Fabrairu.

Amfaninta a fili yake: in daminar gero ta ɓaci, masakwa takan cike gibin, kuma shekarar da ambaliya ta ci gonar tudu sau da yawa fadamar masakwa takan samu ruwa isasshe. Mu ɗalibai hutunmu yakan ƙare daidai lokacin da dashe ke farawa. Abin da za mu iya shi ne taya renon iri, tsare shi daga awaki, da ɗibar ruwa a makon farko na dashe kafin a kira mu gida.

Kiyaye lafiya

Wanda ya je taimako ya kwanta ciwo ya ƙara wa mai gida aiki biyu. Damina lokacin sauro ce, kowa ya tafi da gidan sauronsa, in zazzaɓi ya kama a nemi asibiti a ranar. Kada a yi wanka a kududdufi, daga nan ake ɗaukar tsargiya mai sa fitsarin jini. Ruwan sha kuma a tace shi ko a tafasa, domin Chadi na cikin ƙasashe 'yan kaɗan da kurkunu bai ƙare ba, musamman a ƙauyukan bakin Shari, inda yake kama har karnuka. Shi ya sa ma'aikatan lafiya ke cewa a binne kayan cikin kifi, kada a jefa wa kare. A sa takalmi a gona, kada a cusa hannu a rami ko ƙarƙashin tarin ciyawa saboda kububuwa da kunama. In maciji ya sari wani, kada a tsaga wurin, kada a ɗaure tamau, a hana shi tafiya da ƙafarsa, a ɗauke shi zuwa asibiti. Maganin feshi aikin manya ne, kuma galan ɗin da ya ƙare ba a zuba ruwan sha a ciki. In hadari ya taso da tsawa, kada a fake gindin dogon itacen da ke tsaye shi kaɗai.

Ladabin baƙo a gona

A tashi da asuba tare da mutanen gida, domin aikin ƙwarai tsakanin sallar asuba da hantsi ake yin sa. In ka wuce mai noma ka ce: "Sannunku da aiki, Baba." Kada a ratsa gonar mutane, a bi gefe. Kada a yi wa ɗan kawu dariya don bai iya karatun Faransanci ba, shi ma yana kallon yadda ka riƙe fartanya ya yi shiru. Madalla da wanda zai koya masa karatu da dare, shi kuma ya koya masa noma da safe. In an kira gayya a je, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma gonar da aka taru aka nome yau, gobe masu ita za su zo taku.

Abu ɗaya mai nauyi: makiyaya suna haurawa arewa da dabbobinsu a farkon damina, su gangaro bayanta, suna bin burtali. Rigimar manoma da makiyaya ta ci rayuka a ƙasar nan. In ka ga shanu sun shiga gona, kada ka jefi dabba, kada ka zagi mai kiwo. Ka ruga ka kira manya, akwai mai gari da dattawan da ke sasanta irin wannan. Baƙon yaro zai iya kunna wutar da zai tafi ya bar mutanen gari da ita.

Haƙƙin da ke cikin amfanin gona

Babin zakka da muka karanta a Risala ta Ibn Abi Zaid, a gona ake ganin sa da ido. Nisabin hatsi wusƙi 5 ne, kowane wusƙi sa'i 60, jimla sa'i 300. Awo ne na mudu, amma malaman zamani sun kimanta shi da wajen kilo 650, wato buhu shida da rabi. Abin da ya sha ruwan sama ana fitar da ushiri, ɗaya cikin goma. Abin da aka shayar da wahala, kamar da injin ban ruwa, rabin ushiri ne, ɗaya cikin ashirin. Wanda ya samu buhu 20 na geron damina zai fitar da buhu 2, wanda ya samu buhu 20 na shinkafar da inji ya shayar zai fitar da buhu 1. A mazhabar Malikiyya gero, dawa da shinkafa kowanne jinsinsa daban, ba a haɗa su don cika nisabi, kuma babu zakka a kan ganye da kayan miya irin su tumatir da kuɓewa. Ɗalibin da ya iya wannan lissafi yana da abin da zai taimaka da shi ranar awo.

Tambayoyin bita

1. Yara huɗu sun yi kwana 45 a ƙauye, kowa yana cin rabin kilo a rana. Koro nawa suka ci?
2. Me ya sa firi ya fi maimai gaggawa?
3. Me ya sa ba a barin wuta-wutar da aka tumɓuke a cikin gona?
4. Manomi ya samu buhu 4 na gero da buhu 4 na dawa. Zakka ta hau kansa? Kawo dalili.
5. Masakwa ushiri ake fitar mata ko rabin ushiri? A tattauna da malam a aji.

Muna roƙon duk wanda zai tafi bana ya riƙe ɗan littafi, ya rubuta ranar da aka yi shuka, ranar firi, ranakun da aka yi ruwa da ranar da gero ya fid da kai. In mun dawo sai mu haɗa na Mandaliya da na Masaget da na Karal mu gwada, ajin da ke bayanmu su samu abin da za su ɗora a kai baɗi. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare gonaki daga fari, ambaliya da fara, Ya saka wa masu karɓar mu da alheri, Ya kai mu Ya dawo da mu lafiya. Amin.

Daga ɗaliban aji na shida, Milezi, Injamena.